Yadda Za Ka Sa Tsohon Samanja Ya Sara Maka

Kai da aka kwance maka igiya daga hannu aka ɗora maka anini a kafaɗa, matso kusa. Ni ce Barira ta Kusfa. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma na zauna da soja tun yana kurtu har ya zama hafsa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bi matakan nan kaf, kuma ya samu abin da yake nema. Ina ba ka tabbaci kai ma za ka samu.

Abin da yake nema ɗaya ne. Samanja Mika'ilu na Limancin Kona, wanda ya koya masa fareti a Daffo, inda ake horar da kurata, ya sa shi tsallen kwaɗo a rana, ya raɗa masa suna Ɗan Kusfa, shi yake so ya ƙame ya sara masa ko sau ɗaya.

Mataki na 1: Koyi zama

Hafsa ba ya zabura. Jikinka dai bai san an yi maka ƙarin girma ba. Makon farko maigidana yana ofis ya ji tarin Samanja ta taga, ya miƙe zumbur, shayi ya ɓare, hannu ya riga shi isa goshi. Samanja ya leƙo ya ce Allah ya yi albarka, ya wuce. Saboda haka kullum ka riƙe sanda a hannun dama. Hannun da ke riƙe da abu ba ya kunyata mai shi.

Mataki na 2: Daina cin abinci kamar za a busa usur

A wurin cin abincin hafsoshi cokali ya fi abinci yawa. Mun yi gwaji a gida da cokali mai yatsu da tuwon dawa da miyar kuka. Kada ka gwada. Ka cika cikinka a gida, in ka je can ka riƙa tsakura kana kallon nesa. Masu ilimi suna ganin mai kallon nesa tunani yake yi.

Mataki na 3: Sitaci a bariki, babbar riga a birni

Ka sa a dama wa kakinka sitaci har wando ya tsaya da ƙafarsa. Amma kada ka shigo ta Ƙofar Doka da shi. A birni Samanja sa'an mahaifinka ne, yana zaune a zaure cikin dattawa, dole ka cire takalmi ka durƙusa. Maigidana ya durƙusa, wando ya ce ɓarrr daga baya. Da baya da baya ya fita, dattawa suna yaba ladabinsa.

Mataki na 4: Sa ido kan hula

Nan ne aikin yake. A ƙa'idarsu sojan da ba hula a kansa ba ya sarawa da hannu, ƙamewa kawai zai yi. Samanja ya san wannan tun kafin a haife ka. Da ya hango maigidana sai ya tuɓe hula ya hau susa, wai amosani ya dame shi, alhali kan nan sul yake kamar bayan ƙwarya. Maigidana ya canja hanya, ya ɓullo masa ta bayan sito, ya tarar hular tana hammata. Har maganin amosani na haɗa masa da man kaɗanya ya kai. Samanja ya aiko a gode mini, ya ce abin sai ƙaruwa yake.

Mataki na 5: Kada ka kai ƙara

Ni na ce ya kai. Ya ce sarawar da aka ƙwato da oda, gara babu. Da Samanja ya yi ritaya ya rataye hular gaba ɗaya, maigidana ya dawo gida ya ce, "Barira, tsohon nan ya ci ni." Duk da haka kowace Juma'a sai ya kai masa fura.

Mataki na 6: Tafi inda aka tura ka

Laberiya aka tura su. Waɗanda suka dawo sun ce sai kowa ya ci yake ci, kuma ya goya masu rauni a bayansa. Akwatinsa da hularsa aka kawo mini.

Ranar sadakar bakwai aka ce Samanja yana neman iso. Ya shigo cikin tsohon kaki, maɓalli ya ƙi haɗuwa a ciki, hula zaune daram a kansa. Bai dubi kowa ba. Ya tsaya gaban ƙusar da na rataye hular maigidana, ya buga ƙafa har ƙura ta tashi, ya sara.

"Laftana Lawal, yallaɓai. Samanja Mika'ilu ne. Amosanin ya warke."

Matan da ke ɗakin suka rasa dariya za su yi ko kuka. Hannunsa kuwa yana goshi, ya ƙi saukewa, yana jira hafsa ya amsa. Sai da na ce, "Baba, ya amsa," sannan ya sauke.

Gargaɗi

In wandonka ya yage, ko miya ta ɓata maka kaki, ko samanjanka ya fi namu taurin kai, ba ruwan Barira, kada a turo mini kowa. Alkawarin sarawa na yi maka, ban ce za ka gani da idonka ba. Mataki na shida kuma ban ɗauki alhakinsa ba. Kafin ka bi shi ka tambayi matarka wanne ta zaɓa, a sara maka ko ka dawo. Ni da an tambaye ni, da tsohon nan yana nan yana susar kansa har yau.