Ranar Da Na Yi Wa Kumbo Fatawa a Gidan Surukai

Ko zan manta da komai na zamana a Makka, ba na jin zan taɓa mantawa da wata Juma'a da na ci shinkafa a gidan Alhaji Adamu, a unguwar Tandabawi.

Lokacin na gama digiri a fannin shari'a, ina neman auren 'yarsa Ruƙayya. Alhaji mai sayar da turare ne a unguwar Kudai, iyayensa Hausawa ne da suka shigo ta Sudan, kuma bai ce mini e ba, bai ce a'a ba. Ni kuwa mutum ne mai tsoron kuskure. Ko shayi aka tambaye ni ko gahawa, sai in ce kowanne da falalarsa.

Ya taɓa tambayata ko ina kallon talabijin. Na ce sai labarai, su ma jefi-jefi. (Ba ƙarya na yi ba, a ganina. A kwamfuta nake kallo.) Abin da ban faɗa ba shi ne akwai wani shiri na mutanen da ke yawo a kumbo tsakanin taurari, wanda na haddace fiye da wasu littattafan da aka yi mini jarrabawa a kansu.

Muna zaune a ƙasa kewaye da faranti ɗaya, sai yayyen Ruƙayya biyu suka ɓarke da gardama kan sabon fitowar wannan shirin, rabi Larabci rabi Hausa.

"Wallahi sun lalata shi, ya akhi," in ji Faisal. "Sun sa mace baƙar fata shugabar kumbo, kowane kashi wa'azi. Mu faɗa muka zo kallo!"

"Kai dai ba ka son mace ta ba da umarni," in ji Umar. "Kuma Umma na kira sau ɗaya kake miƙewa."

Na sunkuyar da kai, ina tauna kamar ban san me ake cewa kumbo ba.

Sai Faisal ya ce, "A tsohon shirin ba a taɓa kawo zancen baƙi marasa takarda ba. Ko sau ɗaya."

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe kan gwiwoyina ba.

"Wannan magana ba ta da asali!" na ce da ƙarfi. "A zango na biyu, halittun nan masu koriyar fata, a tashar aka haife su, aka ce su koma duniyar da ba su taɓa gani ba! Kai da aka haifa a nan kake sabunta iƙama, takardar izinin zama, kai ne za ka ce wa'azi ne?"

Ban tsaya nan ba. Na jero hujjoji kashi bayan kashi, har na kwaikwayi muryar sarkinsu, ta hanci. Hannun da nake nuni da shi kuwa cike yake da shinkafa. Da na dawo hayyacina, ƙwaya uku na zaune a gemun Alhaji. Daga bayan labule na ji dariyar da na tabbata ta Ruƙayya ce.

Na ce, "Wato, Baba... akwai dai saɓani a mas'alar."

Alhaji ya tsince shinkafar ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ustaz, na tambaye ka hukuncin jifan Shaiɗan kafin zawali, ka ce akwai saɓani. Na tambaye ka ko za ka zauna nan ko ka koma Kano, ka ce ana dubawa. Har na fara tsoron ba wa 'yata mijin da ba shi da e ko a'a. Ashe kana da su, ka ajiye wa korayen mutane ne. Turo manyanka."

An ɗaura aure bayan aikin Hajji. Har yau a gidan ba wanda ke ce mini Ustaz. Shaihun Kumbo nake, har a bakin surukata.

Darasin da na ɗauka, in ban yi kuskure ba: mutum ya riƙa tsayawa kan maganarsa. Amma ya fara wanke hannu.