Rasuwar Hamsin, Idon Kyamarar Tsaya-Cak

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta maƙil, iyalan mai ɗaukar hoton nan na bakin layi, wanda yaro da babba suka sani da Tsaya-Cak, suna sanar da 'yan uwa da abokan sana'a da duk wanda ya taɓa zama a kujerar shagonsa cewa idon kyamararsa, Hamsin, ya rasu. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyaran agogon da ke maƙwabtaka, bayan jinyar kwana goma sha tara wadda ba shi ya jawo wa kansa ba. Ya bar duniya yana da shekara arba'in da 'yan kai, talatin da biyu daga ciki a hannun mutum ɗaya. Mai gyaran agogon ne ya duba gawar, shi ne kuma aka ɗora wa rubuta wannan sanarwa, kuma bai yi wa kowa alkawarin sakaya magana ba.

Saboda waɗanda suka tashi suka tarar da waya a tafin hannunsu, har suke zaton hoto daga sama yake faɗowa, sai an yi bayani. Marigayin shi ne dunƙulen ƙarfe da gilashin nan da ake ɗaurawa a gaban kyamara, wanda haske yake bi ta cikinsa. Sunansa ya samo ne daga lambar da ke rubuce a goshinsa. A cikin danginsa akwai masu janyo na nesa ya zo kusa, akwai masu cusa rabin unguwa a hoto ɗaya su lanƙwasa wa na gefe kai. Shi ba ya cikin waɗannan. Yadda idon mutum yake ganin abu, haka yake ganinsa. In kana son kusa, ka tako da ƙafarka. In kana son nesa, ka ja baya.

Bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Bai goge wa mai ƙuraje ƙurajensa ba, bai rage wa mai hanci hancinsa ba, bai kuma wanke baƙi ya mayar da shi fari don a yaudari dangin miji ba. Wanda ya zo da fuska, da ita ya koma. Abin mamaki shi ne mutane sun fi son kansu a hotonsa fiye da a madubi, domin ya san inda zai bar haske ya kwanta a kumatu.

Ba ya saita kansa da kansa. Na zamani kana danna musu maɓalli su yi ta zarya, zuu, zuu, suna neman fuskar mutum kamar ɓarawon da ya shiga ɗaki a duhu, ƙarshe su kama ganyen bishiyar da ke bayansa. Marigayin sai ka kama zoben wuyansa da yatsa biyu ka murɗa a hankali, fuskar da ke gabanka ta taso daga hazo, ta zo, ta zo, har gashin ido ya fito ɗaya-ɗaya. A nan za ka tsaya. Daga nan maigidansa ya samo sunansa, don a daidai wannan lokacin yake cewa, "Tsaya cak!" Muryar marigayin ba ta wuce biyu ba. Zoben saiti yana tafiya da wani siririn shuuu, mai nauyi kamar ana jan cokali a cikin zuma. Zoben haske kuma yana cewa ƙas, ƙas, ƙas, sau bakwai daga wannan gefe zuwa wancan. Wanda ya zauna a shagon ya san ƙas na uku shi ne na safe, in an buɗe taga.

Lokacin da fim ya yi wuya, maigidansa bai jefar da shi ba. Ya nemo zoben haɗi ya ɗaura shi a kyamarar zamani, marigayin ya ci gaba da aikinsa a sabon gida ba tare da ya canza hali ba.

Yanzu sai a faɗi abin da aka daɗe ana rufewa. Shekara uku ke nan da yanar ido ta fara rufe idon Tsaya-Cak. Babu wanda ya sani sai matarsa da maƙwabcinsa. Bai zauna yana kuka ba. Tun idon yana da sauran ƙarfi ya ɗauko tef ɗin awo, ya kafa ƙafa ukun kyamara a wuri ɗaya ya zagaye su da fenti. Ya buga ƙusa uku a daɓen shagon: ta kusa ta mutum ɗaya, ta tsakiya ta mata da miji, ta can bango ta iyali. Sannan ya yi wa zoben saitin marigayin tsaga uku da bakin reza, kowace tsaga da ƙusarta. In mutum ya zauna, sai ya taka ƙusar da ƙafa, ya laluba tsagar da babban yatsa, ya ce a tsaya cak. In an wanko hotuna, matarsa ce take dubawa kafin a ba masu su. A shekara ukun nan ko hoto ɗaya ba a dawo masa da shi ba. Masu ido biyu garau da waya mai ido huɗu a baya su zo su faɗi haka a kan nasu aikin, in sun isa.

Rashin lafiyar ta fara ne lokacin da maigidan ya yi tafiyar kwana biyu duba yayansa, ya bar mabuɗin shago a hannun surukinsa, mijin 'yarsa, don kawai a buɗe taga iska ta shiga. Wannan suruki sana'arsa ba ta da suna. Yana ɗaukar kansa a waya yana koya wa mutane abubuwan da bai iya ba. Ya ji ana yayin tsofaffin idanun kyamara, sai ya ciro marigayin daga jakarsa. Ya murɗa zoben, ya ji nauyi. Nauyin nan da masu ƙira suka zauna suka auna don kada hannu ya zarce, shi a wurinsa tsatsa ce. Ya tafi da shi gida ya kwance shi da wuƙar kicin. Ya wanke giris ɗin da ke ciki da ruwan omo, ya ɗura masa man girki, ya goge gilashin baya da gefen rigarsa har ya yi masa zane. Da ya zo mayarwa, murɗin cikin yana da baki shida da zai iya kamawa, ɗaya ne kawai daidai. Ya kama wanda ya samu, ya ƙi shiga, ya danna da ƙarfin tsiya. Ya mayar da shi jaka ya ja zif, ya tafi abinsa.

Daga waje babu abin da ya nuna. Tsagogin nan uku suna nan inda suke, sai dai sun daina faɗin gaskiya.

Aikin farko da ya biyo bayan dawowar maigidan shi ne wanda ya fi kowane nauyi a wurinsa. Tun shekarar da ya sayi marigayin, duk ranar da ta zagayo ta aurensu yana zaunar da matarsa a kujerar shagon, gefen taga, ya ɗauke ta. Hoto talatin da ɗaya suna jere a bango, daga yarinya mai sunkuyar da kai har zuwa dattijuwa mai kallon mutum ido cikin ido. Ran nan ya taka ƙusar kusa, ya laluba tsagar farko, ya ji zoben ya yi saƙwaf ba kamar da ba, amma ya ɗauka zafin gari ne. Ya ce, "Tsaya cak, Hajiyata." Aka wanko hoto. Matar ta riƙe shi tana ta jujjuya shi.

Ya ce, "Yaya dai? Ko na kama ki kina ƙifta ido?"

Ta ce, "Malam, mu sake."

Sau uku ana sakewa a kwana uku. Kowanne ya fito dishi-dishi, kamar an ɗauki mutum ta bayan labulen wanka. Matar ta tsorata, ta kira 'yarsu. 'Yar ta zo da mijinta. Aka baje hotunan a kan tebur. Tsaya-Cak yana tsaye yana murza babban yatsansa, yana cewa shi dai inda ya saba tsayawa nan ya tsaya.

A nan ne surukin ya buɗe baki. Mai wannan sanarwa yana bakin ƙofa, da kunnensa ya ji. Ya sassauta murya irin ta masu tausayi ya ce, "Baba, shekaru ne. Ido ba ya dawwama. Ai kun yi mai wuyar, sai a huta haka nan."

Ɓarna kowa yana yi. Mai gyaran agogo ma ya taɓa karya allurar agogon mutane yana koyo, ya je ya faɗa da bakinsa ya sha zagi. Wanda ya lalata abu ya ce na lalata, mutum ne. Amma wanda ya tsaya a gaban dattijo, ya san sarai abin da hannunsa ya yi, ya bari a ɗora laifin a idon dattijon, har ya taya ɗorawa, wannan a nemo masa wani sunan. 'Yar ta karɓi mabuɗin shagon tana hawaye, ta ce rufin asiri ne, kada mutane su fara dawo da hotuna a yi musu dariya. Sati biyu shagon yana rufe. Sati biyu Tsaya-Cak yana zaune a tsakar gida hannu a kan gwiwa, ya yarda cewa yatsansa ma ya mutu bayan idonsa. Surukin kuwa kullum sai ya zo gaisuwa, har da ledar lemo.

Da maƙwabcin ya ga abin ya ƙi ƙarewa, sai ya je gidan ya ce, "Tsaya-Cak, ba ni mutumin nan in ga cikinsa." Tsaya-Cak ya ce, "Me za ka gani? Shi lafiyarsa ƙalau, ni ne na ƙare." Maƙwabcin ya ce, "Ka ba ni dai." Ya ɗora shi a tebur, ya sa gilashinsa na ido ɗaya. Kan kowane ɗan noti a ƙwarzane yake. Da ya buɗe, warin soyayyen mai ya bugi hancinsa. 'Yan fukafukan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don auna haske sun manne da juna. Man ya kwarara tsakanin gilasai biyun da aka haɗa tun daga masana'anta, ya raba su. Murɗin ciki ya cinye kansa. Kwana biyu yana fama. Ranar Talata ya murɗa zoben haske, ya yi ƙas sau ɗaya, a raunane, bai ƙara ba.

Ya kira 'yar ya nuna mata. Ya ce, "'Yata, wuƙa ce ta yi wannan, da man girki." Nan take ta tuna wuƙarta da ta tarar bakinta a lanƙwashe. Ta ɗauko waya ta shiga shafin mijinta. Ga shi nan, fes, a kan teburin kicin ɗinta, yana riƙe da wuƙar yana yi wa duniya bayanin yadda ake farfaɗo da tsohon idon kyamara cikin minti biyar. Mutum goma sha bakwai ne suka kalla. Saboda mutum goma sha bakwai aka kashe Hamsin, aka kuma nemi a binne maigidansa da rai.

Da yammar ranar ta kai wa ubanta mabuɗinsa, ta durƙusa. Bai ce mata komai ba sai, "Tashi, ke tsoro kika ji." Surukin ya aiko da sabon ido a kwali, irin mai zuu-zuu, na roba, mara nauyi kamar gwangwanin da aka shanye. An mayar masa ba a buɗe ba.

Marigayin ya bar maigidansa, wanda yanzu ya amince a cire masa yanar ido a wata mai kamawa, da ƙafarsa kuma zai je, ba don wani ya yanke masa hukunci ba. Ya bar uwar gida da hotunanta talatin da ɗaya. Ya bar murfinsa na gaba, na bayan ya ɓata tun da daɗewa. Ya bar zoben haɗi da ya zama maraya, da ƙusa uku a daɓe, da ƙaninsa Talatin-da-Biyar, wani idon kyamarar, wanda ya shekara ashirin a akwati yana jiran rana irin wannan, kuma tuni an fara auna masa tsagoginsa. Ya bar fuskokin mutanen layin nan a bangon ɗakunansu, da yawa daga ciki masu su sun riga shi tafiya.

Za a yi jana'izarsa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a shagon, wanda zai kasance a buɗe, kuma zai ci gaba da kasancewa a buɗe. Za a naɗe shi a ƙyallensa mai ruwan ɗorawa, a sa shi a jakarsa ta fata, a ajiye shi a kan kanta ƙarƙashin hotunan uwar gida. Masu zuwa ta'aziyya su bar wayoyinsu a aljihu. Wanda ya ɗaga waya don ya ɗauki gawar, za a nuna masa ƙofa.

Ana buƙatar surukin ya halarta, ya zo da guduma da ƙusa ɗaya. Uwar gida ta ce hoto na talatin da biyu, mai dishi-dishin nan, ba za a yaga shi ba. Za a rataye shi a layi ɗaya da 'yan uwansa, inda duk mai shigowa zai gani, kuma shi zai buga ƙusar da hannunsa. A al'adar shagon, kowane hoto yana fita da hatimin wanda ya yi aikin. Wannan ba zai ɗauki hatimin Tsaya-Cak ba. An riga an rubuta a ƙasansa da manyan baƙaƙe, yadda ko mai yana a ido zai iya karantawa: AIKIN SURUKINMU.