Rasuwar Tankin Ɗakin Ƙasa na Gidan Salmela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu masu sanyi, ni Reino Salmela na Duluth nake sanar da dangi da maƙwabta da abokan zaman coci rasuwar tankin iska na tukunyar ɗumama gidanmu. Ya cika ranar Talata da hantsi, a inda ya yi dukan rayuwarsa, rataye a katakon rufin ɗakin ƙasa.

Ba wanda ya san shekarunsa. A nan muka tarar da shi lokacin da muka tare ni da matata Aili, Allah Ya jiƙanta, ko a lokacin ma fentinsa ya fara ɓarewa.

Marigayi ba mai son a gan shi ba ne. Baƙi kan yaba wa ƙarafan ɗumi na falo, su shanya safar hannunsu a kai, ba mai tambayar wanda ke ƙasa. Aikinsa ɗaya ne. Idan tukunya ta tafasa ruwa, ruwan ya kumbura ya rasa wurin zuwa, shi ne ke buɗe cikinsa ya karɓa. Rabinsa ruwa, rabinsa iska. Ya haɗiye fushin tukunya duk tsawon hunturu, bai taɓa ɗaga murya ba.

Abin da yake nema a wurinmu bai taka kara ya karya ba. Sannu a hankali ruwa kan cinye iskar cikinsa, don haka kowace kaka, kafin a kunna wuta, mukan sauka mu zubar masa. In hau akwati in rufe bututu in ɗaura tiyo, Aili ta riƙe bakin tiyon a magudana. In an gama in ƙwanƙwasa shi da sifana. Sama ya ce ƙwal, ƙasa ya ce dum.

"Me ya ce?" in ji Aili.

"Ya ce ya gode."

"To ya fi ka, kai ba ka taɓa cewa ba."

Bayan rasuwarta na ci gaba ni kaɗai, ina danne tiyon da bulo.

Jinyarsa ta faro ne daga tawa. A bazara na zame a matakalar ɗakin ƙasa na karye a ƙugu. 'Yata Marlys ta zo daga birnin St. Paul ta same ni a gadon asibiti.

"Baba, zaman kaɗaicin nan ya isa. Ka dawo wurinmu."

"Muddin gidan na da ɗumi, ina cikinsa."

"To na riƙe ka da bakinka. Ranar da tukunyar nan ta tsaya, ka haɗa kaya. Kuma kai da matakalar nan kun yi sallama."

Na amince. A wannan kakar, karon farko, aka kunna wuta ba a zubar wa marigayi ruwa ba.

Wanda ya fara ba da labari shi ne ƙanensa, bawul ɗin da ke sakin ruwa idan matsi ya yi yawa. Ya soma kuka a cikin bokiti, ɗis, ɗis. Daga kujerata ta kicin nake jin sa ta cikin daɓe. Na san ba shi ne marar lafiyar ba, kukan wani yake yi.

Ban kira Darlene Wojcik mai gyara ba. Ajinsu ɗaya da Marlys tun suna yara, kafin ta ajiye jakar aikinta labari ya isa St. Paul. Sai na roƙi maƙwabcina Orville Bergquist, wanda gidansa iska mai zafi ke ɗumama shi, bai taɓa zama da tanki ba. Na tsaya a bakin matakala daga sama da sandata ina ba da umarni.

"Ka ƙwanƙwasa shi, ka faɗa mini abin da ka ji."

"Tsoho, wannan ai ya fi mu lafiya ni da kai. Fari ƙal, har da ɗumi."

"Fari?"

"Ko idona ne? Kai dai ka cika tsoro. Na zubar maka da bokitin, ka ɗora mini kofi."

Tankin ruwan wanka ya duba. Marigayi yana rataye a bisa kansa, kore, bai ɗaga ido ba. Ban gyara masa ba, don da na ce ya hau akwati, da mu biyu za a kwasa. Orville ya ci gaba da zuwa yana zubar da bokiti da zuciya ɗaya, ina yi masa godiya a bainar jama'a.

Ranar Talata sanyi ya sauko daga babban tafkin da ke bakin garinmu, tukunya ta yi aiki tun safe ba hutu. Ina shafa wa burodi man shanu na ji bututu sun yi gurnani, sannan wani dogon tsaki, sannan ƙarar ruwa a kan siminti. Tsatsa ta daɗe tana cin ɗinkin marigayi, ya buɗe ta nan. Tukunya ta mutu da kanta. Na zauna har ƙarfen ɗumi na kicin ya huce a ƙarƙashin tafina, sannan na ɗauki waya na kira Darlene.

Darlene ta hauro tana goge hannu a wando.

"Kawu Reino, tukunyarka ba abin da ya same ta. Tanki ne kawai. Akwai na zamani mai roba a ciki, ba ruwansa da zubar da ruwa duk kaka. Kafin ka shanye kofin nan na ɗaura."

Marlys ta iso da yamma, ba ta ko cire rigar sanyi ba. Ta daɗe tana kallon hoton uwarta a kan firji.

"Baba, tsayawar yini ɗaya ba tsayawa ba ce. In kana so a sa sabo, ban ji ba, ban gani ba."

Na gode mata. Na ce maganar ba ta sabon tanki ba ce. Marigayi ya yi ta kira ina saurare, tsakaninmu katako ne kawai, na kasa zuwa. Gidan da ba na iya amsa kiransa, ba ni ke riƙe da shi ba. Ta juya wajen taga, ni ma na juya.

Marigayi ya bar tukunya, abokiyar zamansa, wadda ba ta ce uffan ba tun ranar. Ya bar ƙanensa bawul, wanda ya yi kuka har bakinsa ya daskare da farin gishiri, Darlene ta ce shi ma sai an canza shi. Ya bar ƙarafan ɗumi na sama da na ƙasa, ciki har da na ɗakinmu, wanda bai taɓa yin zafi sosai ba amma muka saba. Ya bar bokiti.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan abincin rana. Darlene za ta tsiyaye bututun gidan gaba ɗaya don kada su fashe kafin a sami mai saye, sannan ta sauke marigayi. Orville ya nemi alfarmar riƙe gefe ɗaya, an nuna masa wanne ne. Za a kai shi wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa na bakin tashar jirgin ruwa, a bayan motar Darlene.

Matan coci za su kawo kofi da burodi mai zaƙi. Masu zuwa su zo da rigunan sanyi, kada su cire a bakin ƙofa. Ba a buƙatar furanni. Wanda yake son yin wani abu, kuma ƙafafunsa na yarda, ya sauka ɗakin ƙasan gidansa ya duba nasa.

Daga wurin jana'iza ba zan dawo gidan ba. Mai son yi mini gaisuwa ya same ni a St. Paul, gidan Marlys, ɗakin da ke kusa da kicin. Babu matakala.