Shekarar da Baba Ginshiƙi Ya Sauko Ƙasa

Duk ikilisiyar da Allah ya so da alheri yakan ba ta mutum ɗaya irin Baba Ginshiƙi. Ɗaya tak, don ya san biyu sun fi ƙarfinta. Dattijo ne a majami'a, attajiri a layin masu sayar da kayan gini, mai tumbin da kan riga shi shiga ɗaki ya gaisa da mutane kafin shi ya iso. Sunan ma ba wani ya sa masa ba. Shi ya laƙaba wa kansa, ranar da ya ba da kwanon rufin majami'a, ya shaida wa jama'a cewa gini ba ya tsayuwa sai da ginshiƙi. Tun daga nan, in ruwan sama ya sauko ana cikin sujada, sai ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya juyo ya bi jama'a da kallo, don kowa ya tuna wanda ya hana shi jiƙewa. In kuwa aka ba shi addu'ar rufewa, masu tukunya a kan wuta sukan sallama ta. Yakan tuna wa Ubangiji duk hidimar da ya yi masa, ko da wani abu ya shige wa mala'iku.

Lahadin farko na sabuwar shekara Fasto ya yi wa'azi a kan ƙudurin da mai bi kan ɗauka. Ya ce kada kowa ya jido da yawa. A zaɓi hali guda, a kai shi gaban Allah a ɓoye, a roƙi ikon gyara shi. Ya ƙara da cewa mai ɗaga kansa ƙasa zai sha, mai sauke kansa kuma shi za a ɗaga. Rabin farko ya wuce ta saman kan Baba. Rabin ƙarshe ya shiga kunne ya zauna daram, da yake zaɓen shugaban dattawa na tafe.

Lokacin sanarwa ba wanda ya kira shi, amma ya miƙe ya karɓi makirufo.

"'Yan'uwa, Fasto ya ce a yi ƙuduri a ɓoye, shi ya sa zan faɗi nawa a taƙaice. A bana tawali'u zan yi. Ba irin na talaka ba, wanda dole ce ta sa shi. Nawa na mai hali ne da ya sauko da ƙafarsa. Ina roƙonku kada wanda ya yabe ni. In abin ya fi ƙarfinku, to ku yi a hankali."

A gida matarsa, wadda ta daɗe da sanin inda ruwa ke tsayawa a jikin mijinta, tana zuba masa abinci ta ce ai tawali'un ba sai an je nesa ba, ga ƙanensa tela can. Rabon da Baba ya yi masa magana tun bikin 'yarsu, lokacin da telan ya tashi godiya ya ambaci sunan Fasto kafin nasa. Bara ma da telan ya kwanta asibiti har ana fid da rai, Baba bai leƙa ba. Baba ya ce mata babban aiki daga sama ake faro shi, kuma mata ba su cika gane tsari ba.

Ya fara da wurin zama. Ya bar sahun gaba ya koma na baya, amma ya sa ma'aikatan shagonsa suka kai masa kujerarsa mai katifa, domin tawali'u a zuciya yake, ba a ƙugu ba. Tsofaffin matan da ke zama bakin ƙofa saboda ciwon gwiwa aka tashe su, kujerar ta samu fili. Kowace Lahadi sai an fara waƙa zai shigo, ya taka har gaba, ya tsaya ya dubi tsohon wurinsa, ya girgiza kai, sannan ya juyo a hankali. Duk wuya sai ya bi shi. Mawaƙa suka koma rera wa ƙeyoyi.

Daga nan ya ɗauki shara. Matan zumunta sukan share majami'a ranar Asabar, ba mai ganinsu. Baba ya ga wannan asara ce. Shi ranar Lahadi yake tasa, a bakin ƙofa, daidai lokacin shigowa, cikin farar riga mai sitati, da tsintsiya mai dogon mariƙi don kada ya sunkuya. Ya umarci direbansa ya tsaya nesa ya ɗauke shi hoto ba tare da saninsa ba. Duk wanda ya gaishe shi sai ya ce, "Ku wuce abinku, ni ba kowa ba ne." Wani baƙo ya ɗauki maganar da gaske, ya nuna masa wata leda da ya tsallake. Baba ya yi murmushi, idonsa ya kaɗa ya yi ja, kuma kafin a tashi sujada ya gano sunan mutumin, da unguwarsu, da wanda ya gayyato shi.

Da zaɓe ya matso, sai ya tuna da ƙanensa. Ya ɗauki dattawa biyu su zama shaidu, domin alherin da ba a gani ba ɗan'uwan ɓarna ne. Suka tarar da telan a kan keke, ya rame, riga na yawo a jikinsa. Yana ganin yayansa ya miƙe da rawar jiki, ya kakkaɓe benci da hannu, yana ta sannu da zuwa. Baba bai zauna ba. Ya tsaya a bakin shago inda maƙwabta za su ji.

"Na zo in yafe maka. Na yafe maka abin da ka yi mini a bikin 'yata. Na yafe maka ɗinkin da ka yi mini ya matse a hammata. Na yafe maka taurin kan da ka taso da shi tun mahaifinmu na da rai. Ka ga, ni ne babba, amma ni na tako."

Telan ya saurara har ƙarshe, da zare a leɓensa. Ya cire shi ya ce, "Na gode, Yaya. Na ɗauka jikina ka zo dubawa." Ya koma ya zauna ya taka kekensa. Dattawan biyu suka yi ta kallon takalmansu. A mota Baba ya ce musu sun dai gani da idonsu, alheri ya yi wa yaron nauyi har ya kasa magana. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar zaɓe aka taru bayan sujada. Baba ya riga ya tsara komai: za a ambace shi ya ƙi, a roƙe shi ya ƙi, a sake roƙo ya karɓa da hawaye. Har hankici ya zo da shi. Aka kuwa ambaci sunansa. Ya miƙe daga can baya, ya dafa ƙirji.

"Wane ni. Ni da na zaɓi tsintsiya, me zan yi da kujera? Ku nemi wani."

Sai ɗaya daga cikin dattawan da suka raka shi shagon tela ya tashi, ya ce bai kamata ikilisiya ta shiga tsakanin mutum da alkawarin da ya yi wa Allah ba. Amin ɗin da aka amsa, kwanon rufin ma sai da ya ɗauka. Nan take aka zaɓi wani malamin makaranta mai ritaya, aka yi masa addu'a. Baba yana tsaye har yanzu, hankici a hannu.

"Fasto, ai ba a gama roƙon ba."

"Baba, kai ka roƙa, mu kuma mun karɓa," in ji Fasto.

Baki shi ke yanka wuya. Baba ya tambayi jama'a ko akwai wanda ya kai shi ƙanƙan da kai a duk faɗin ikilisiyar, in akwai ya miƙe a gan shi. Ba wanda ya miƙe. Ya fice.

A gida ya ture kwanon abinci, ya ce wa matarsa mutanen nan ba su cancanci tawali'unsa ba, ya janye shi. Ƙudurin baɗi ma ya riga ya zaɓa: haƙuri zai yi, irin wanda ba a taɓa gani ba. Ta ce Allah ya kai mu, ta tuna masa cewa watan biyu ma bai ƙare ba.

Baba ya yi tsaki, ya ce shi ba zai iya jira ba.