Ranar da Manhajata Ta Tona Asirin Baffa

Ba zan taɓa mantawa da wata safiya ta farkon damina ba, ranar da na tara manoman garinmu kaf a ƙofar sito, ni kuwa ina ɗaki ina jin kaina wani babban injiniya.

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Gezawa. Kullum nakan hau babur zuwa Kano inda nake aikin rubuta manhaja (a gida dai "mai danne-danne" ake ce mini). Yayan mahaifina, Baffa Idi, shi ne shugaban ƙungiyar manoman garinmu. Shi ya tsaya gaban dattawa ya ce a bari in yi musu shafin intanet da zai riƙa tura wa kowa saƙon tes a waya idan taki ya iso. Malam Hamisu, wani dattijo mai taurin kai, ya ce mai shela ya ishe su. Baffa ya bugi ƙirji ya ce, "Idan ɗan nan nawa ya ba ku kunya, ni za ku kama." Kaina ya kumbura har gida.

To, a aikinmu, saba, wato kwamfutar da shafi ke zaune a kanta, tana da fayil ɗin saiti da ke gaya mata inda za ta ɗauko sunaye da yadda za ta tura saƙo. Ƙa'ida ita ce a yi fayil biyu, na gaske da na gwaji. A na gwajin sunayen bogi ake zubawa, saƙo kuma ba ya fita, a allo kawai yake bayyana. Na san wannan sarai, har sababbin ma'aikata nake koya wa. Amma ranar ƙiwa ta hana ni ƙirƙirar sunaye. Na kwafi fayil ɗin gaske, na raɗa masa suna "gwaji", na bar lambobin mutane yadda suke. Layin da ke hana saƙo fita kuwa na ce zan gyara idan na sha koko. Na sha kokon, na manta da layin.

Saura abin da zan rubuta. Mai hankali "gwaji" kawai yake sawa, ni kuwa raha ta motsa mini. Dama likita ya hana Baffa sukari, matarsa Inna Hajara kuma ta sa masa ido sosai. Amma duk ranar da na rage masa hanya zuwa kasuwar Gezawa sai mun tsaya wajen mai shayi, kuma ya sha roƙona in rufa masa asiri. Sai na rubuta: "Taki ya iso, kowa ya zo sito yanzu. Baffa Idi kuma ya ji tsoron Allah, cokali huɗu na sukari yake sha a Gezawa." Na danna. Ban ga komai a allo ba, na sake dannawa. Sau uku fa!

Ina cikin mamaki sai na jiyo mahaifiyata daga tsakar gida. "Kai, wai taki ya iso? Me kuma ya haɗa Baffanka da sukari?"

Wallahi na fita da gudu ko takalmi babu. Kafin in isa sito an cika maƙil: masu babur, masu jaki, masu amalanke, duk sun baro noma da ƙasa a ƙafafunsu, sito kuwa ko buhu ɗaya babu. Wani ya hau kan dutse yana karanta saƙon da ƙarfi don waɗanda ba su yi boko ba, duk lokacin da ya zo kan "cokali huɗu" sai wuri ya ɓarke da dariya. Malam Hamisu ya dube ni ya ce, "Injiniya, ina takin?"

Sai ga Baffa, Inna Hajara na biye da shi da mayafinta a karkace. Na sunkuyar da kai, don na san mutuncinsa na zubar. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Na ce ni za ku kama, to ga ni," in ji shi. "Taki bai iso ba, ku yi haƙuri. Amma tsakani da Allah, mai shela ya taɓa riskar ku duka a gonakinku a lokaci guda? Har sau uku?"

Aka sake kwashewa da dariya, har Malam Hamisu sai da ya murmusa. Aka yarda shafin ya zauna, da sharaɗin in yi wa Malam Hamisu noman yini guda (hannuna sai da ya yi kanta). Inna kuwa ta matso kusa da Baffa ta ce masa, "Huɗu, Malam?" Baffa ya ce, "Uku da rabi ne, ƙari ya yi." Ni dai hawaye ne suka cika mini ido, ban taɓa ƙaunar mutumin nan kamar ranar ba.

Tun daga nan, layin hana saƙo fita nake fara dubawa kafin koko, lambata kaɗai ce a fayil ɗin gwaji. Mako na zagayowa muka tsaya wajen mai shayi, ya miƙo wa Baffa nasa salam ba sukari, wai Inna ce ta aiko masa da gargaɗi. Baffa ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya dube ni.

"Ɗana, nan gaba in za ka gwada abinka, ka gwada da naka asirin."