Abu Bandar da Albarushi Mai Ritaya

Duk wanda ya ce ya zauna a Makka amma bai san Abu Bandar ba, to ba zama ya yi ba, ratse ya yi. Kai, Allah ya yi mutum a Aziziyya! Ga tsawo, ga tumbi daidai na masu faɗa a ji, ga farar jallabiya wadda ƙuda ma sai ya nemi izini kafin ya sauka a kanta. Jan shimagin kansa kuwa, ƙyallen nan da Larabawa ke yafawa, a karkace yake zama, yadda manyan Riyad ke ɗora nasu a talabijin. In ya taho, turarensa ne ke fara yin sallama. Masanin bindiga ne, gwanin saiti, wanda ya san harsashi ciki da bai. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma mutum irin wannan ai ba a tambayarsa shaida.

Mu 'yan Misfala da muka taso tare da shi, Abdulbaƙi muka sani. Baƙi ɗan Malam Hadi wanzami, mutumin Gwarzo da ya zo aikin Hajji ya ga wurin zama, ya ƙare rayuwarsa yana aske kan alhazai. Da koko da ƙosai aka yaye Baƙi kamar kowa. Amma tun da ya samu wakilcin wasu gidajen haya a Aziziyya, Allah ya jarrabe shi da wata cuta mai ban tausayi: Hausa ta ɓace masa. Ƙaf! Ka ce masa "ina kwana," sai ya tattare goshi ya ce, "Esh?" Ka sake faɗa, ya girgiza kai cikin alhini ya ce, "Wallahi ma afham," wai bai gane ba.

Abin tausayin shi ne masu hayar gidajen nasa Kanawa ne da Sakkwatawa. Don haka bawan Allah ya ɗauki tafinta. Alhaji ya yi magana, tafinta ya juya, Abu Bandar yana sauraro da fuskar mai haƙuri da jahilcin duniya. Sau ɗaya dai aka ga abin mamaki. Wani alhaji ya ce famfon banɗaki na yoyo, tafinta ya kuskure ya ce na kicin, nan take Abu Bandar ya daka masa tsawa da Larabci cewa banɗaki mutumin ya ce. Da aka zuba masa ido, sai ya ce firasa ce, wato basira irin ta mutanen Makka, Allah ke bai wa wanda ya so.

To, me ya jawo duk wannan wahala? Nadi. Akwai wani kulob na masu harbin allo can kan hanyar Jidda, bayan an fita iyakar Harami, kuma nadi suke ce masa. Manyan 'yan kasuwa, likitoci, tsofaffin ma'aikata, su ne ke taruwa a wurin, su yi harbi su sha gahawa. Duk shekara akan yi gasa, wanda ya ci kuma shugaban nadi, wani dattijo Abu Nora, yakan tafi da shi shaƙatawa jeji tare da manyan, a kafa tanti, a yanka rago, a zauna a kan kilishi ɗaya. Wannan tantin shi ne burin Abu Bandar a duniya. A ganinsa, ranar da ya miƙe ƙafa a cikinsa, ranar ce zai zama ɗan gari na asali, a binne ɗan wanzami gaba ɗaya. Abin da yake tsoro ɗaya ne tak: kada kalmar Hausa ta kuɓuce masa a gabansu.

Sai dai akwai 'yar matsala ƙarama. Harsashin Abu Bandar ba ya ga maciji da allo. In ya auna tsakiya, ƙasa ce ke tashi a gefen dama. In ya gyara, ta tashi a hagu. Allon da aka ba shi yakan koma sito sabo fil, har ma'aikatan nadi suna sa masa albarka don ba ya sa su wahalar canjawa. Wani ƙaramin mutum da sai ya zargi hannunsa. Abu Bandar ba ƙaramin mutum ba ne, don haka ya yi bincike mai zurfi a wayarsa, ya gano laifin na harsashin kamfani ne.

Ga jawabin da ya yi wa 'yan nadi a kan haka. Zan fassara muku, tunda shi ba ya jin Hausa:

"Ya jama'a, harsashin kanti na 'yan koyo ne. A ƙasashen da suka san harbi, gwanaye da hannunsu suke ɗura nasu. Kuma ba kowane albarushi ba, rarar na soja, wanda ya sha horo, wanda ya san oda. Albarushin farar hula ba shi da tarbiyya, ka ce masa gabas ya tafi yamma. Ni wannan ilimi a jinina yake. Kakannina ba su taɓa riƙe wani ƙarfe ba sai na yaƙi."

Nan dai bai yi ƙarya duka ba, aska ma ƙarfe ce. 'Yan nadi suka ce "masha Allah" suka ci gaba da shan gahawarsu, wani ya tuna masa a hankali cewa dokar wurin ba ta yarda da harsashin kowa ba sai na nadi. Abu Bandar ya yi murmushin da manya ke yi wa doka.

Neman albarushi ya kai shi Ka'akiyya, wurin Tsoho ɗan gwangwan, mutumin da in ka tambaye shi ƙahon zomo zai ce ka dawo bayan la'asar. Tsoho ya shiga cikin tarkacensa ya fito da wani gwangwani mai launin kakin soja, duk ya yi tsatsa, wanda shi kansa bai san daga ina ya zo ba, ya dai daɗe yana danne ledar rumfa da shi a tsakiyar ranar Makka. Da ya ga idon mai saye ya yi haske, nan take gwangwani ya samu tarihi. Ya je yaƙi. Ya dawo. Wani janar ne ya bar shi wasiyya.

"Baƙi, wannan sai kai," in ji Tsoho. "Allah ya jiƙan Malam, da yana nan da ya yi alfahari."

"Ma afham," in ji Abu Bandar, yana rungume gwangwanin a ƙirji. Sai kuma ya ce amin, a hankali, da Larabci.

A gida ya ƙwace teburin cin abinci ya mai da shi masana'anta. Ya tsinto kwanson harsasai daga filin nadi, ya yi odar wasu 'yan ƙarafa, ya ari cokalin shayin matarsa Raihana a matsayin ma'auni, don gwani ba ya buƙatar sikeli. Da ya buɗe gwangwani, wani wari mai tsami ya turnuƙe falo, ga wata jar ƙura a saman garin. Raihana ta fito daga kicin tana tari.

"Abban Bandar, don girman Allah mene ne wannan? Abin nan fa ya ruɓe. Ga alhazan mutane a ƙasa, so kake ka tashe mu gaba ɗaya?"

Ita kaɗai ce yake jin Hausarta, shi ma sai an rufe ƙofa. Ya dube ta da tausayi.

"Ya Raihana, wannan ƙanshin tarihi ne. Ke kin saba da kayan miya, komai kika ji ya yi tsami sai ki ce ya lalace. Albarushi kamar turaren itace yake, daɗewa ke ƙara masa daraja. Wannan da kike gani ya yi ritaya da muƙami. Ki adana cokalin nan, wata rana jikokinki za su nuna wa mutane shi."

Raihana ta ce ta yafe cokalin. Ta kwashe tufafinta daga falo, ta buɗe tagogi, ta tafi gidan yayarta har sai an gama tarihi.

Ranar gasa Abu Bandar ya iso da sabuwar jallabiya, da tabarau mai ruwan ɗorawa, da safar hannu ta fata. Aljihunsa na dama ya yi nauyi, yana ƙaras-ƙaras in ya taka. Jama'a sun cika rumfa, Abu Nora na zaune a tsakiya. Da aka kira shi ya karɓi harsasan nadi cikin ladabi, ya sulale su a aljihun hagu, ya zaro ɗan gida daga na dama ya ɗura. Ya zauna, ya gyara shimagi, ya lumshe ido ɗaya, ya ja numfashi irin na fim. Ya ja kunama.

Ƙyas.

Shiru. Ba ƙara, ba hayaƙi. Tsohon soja yana barci.

Ko ɗan koyo an gaya masa cewa in bindiga ta yi haka, a bar bakinta yana kallon allo, a jira, don ruɓaɓɓen albarushi kan yi nawa kafin ya kama. Amma Abu Bandar ya ga jama'a sun yi tsit suna kallonsa, kuma shi a rayuwarsa bai taɓa ganin shiru ya ƙyale shi ba jawabi ba. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga bakin bindiga sama, ya dafe gindinta a ƙugu, ya juyo da fuska.

"Ya jama'a, kada ku damu. Wannan shi ne bambancin da nake faɗa muku. Albarushin soja ba ya gaggawa, ba ya tashi sai ya tabbatar da—"

Daram!

Tsohon soja ya farka. Harsashi ya huda kwanon rumfa ya shige tankin ruwan da ke samanta. Gindin bindiga ya naushi tumbi, Abu Bandar ya yi zaman dirshan a ƙasa, tabarau ya yi gabas, shimagi ya yi yamma, wani jan hayaƙi mai wari ya rufe shi, ruwan tanki mai zafi ya tsiyayo masa a tsakar ka. Ya ji ɗumi na bin wuyansa, ya tabbata jini ne. Sai ga cuta ta warke nan take, ba magani ba tofi:

"Wayyo Allah! Wayyo Inna! Na mutu na lalace! Jama'a ku taimake ni, ta kashe ni!"

Wallahi ko a bakin kasuwar Gwarzo ba za ka ji Hausa mai tsabta haka ba.

Wanda ya fara isa kansa wani babban likita ne ɗan nadi, Dakta Nasrullahi, wanda Abu Bandar ya daɗe yana kwaikwayon tafiyarsa. Ya karɓe bindigar, ya duba shi sama da ƙasa, ya ce da Hausa, da ƙarfi, ba ko kunya, "Sannu Baƙi, ruwa ne, tashi. Kai da Malam Hadi ya haifa kake wannan raki? Shi fa ya yi mini kaciya ban yi ihu haka ba." Daga bayan rumfa wani ya ce sannu. Daga gefe wani ma ya ce sannu.

Abu Bandar ya ɗaga ido ya dubi shugaban nadi kamar wanda aka tuɓe a kasuwa. Ya fara haɗa wata magana da Larabci, wai harshen da ya ɗan tsinta ne wurin masu haya. Abu Nora ya ɗaga hannu.

"Ya ɗan'uwa, wannan ai kowa ya sani tun ranar da ka shigo. Mahaifinka ya aske ni ba sau ɗaya ba, Allah ya yi masa rahama, hannunsa ba ya rawa. Abin da ba mu sani ba shi ne na aljihunka. Fito da su."

Aka zazzage aljihu, aka karɓi katin nadi, aka raka shi mota yana ɗigar ruwa. Dakta Nasrullahi ne ya ci gasar. Shi aka tafi da shi tanti, kuma an ce har kilishin Kano ya kai musu suka cinye suna neman ƙari.

Larabawan nadi ba su riƙe komai daga wancan ihu ba sai kalma ɗaya, ta kuwa yi musu daɗi a baki. Kafin Juma'a ta zagayo, daga Aziziyya har Ka'akiyya babu mai cewa Abu Bandar. Abu Wayyo. Direbobin bas, masu shago, har tafintansa in ya juya baya.

Ranar nan bayan an sallame salla, wani dattijon Balarabe maƙwabcinsa, mutumin kirki wanda ba ruwansa da tsegumi, ya riƙe hannunsa a ƙofar masallaci. Ya ce ya ji ana kiransa da sabon suna, kuma tunda Larabawa da sunan babban ɗa suke yi wa uba laƙabin Abu, ashe yana da babban ɗa bai taɓa faɗa ba? Yaya Wayyo, yana lafiya? Mu muna gefe muna neman takalmanmu, muka daina nema. Abin da ya rage wa Baƙi kawai ya ce kalmar Hausa ce, ga ma'anarta.

Abu Bandar ya gyara shimagi, ya karkata shi gefe.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Yana karatu a waje."