Gayyar da Aka Yi wa Gonar Ciyawata

Ba zan taɓa mantawa ba da damunar da aka turo ni Kalgo daga Gwandu a matsayin ƙaramin malamin gona, zamanin da takin Turawa ya fara shigowa ƙasarmu. Ina da gajeren wando na kaki da keke, ina jin duk lardin babu kamata.

Aikin da Baturen gona ya ba ni shi ne in noma ciyawa. Ee, ciyawa, kyasuwar nan da kowa ya sani, don a yanka a adana wa shanun huɗa su ci da rani. Aka ba ni fili kusa da Dangoma. Na ɗebi ƙasarsa a 'yan jakunkuna aka kai awo, sakamako ya dawo cewa ƙasar ta gaji, takin Turawa mai suna sufa take so. Na zauna na lissafa mudu nawa kowace eka za ta ci, na sake lissafawa, na watsa da hannuna. Ruwa na sauka kuwa ciyawa ta tashi shar, har gwiwa. Wallahi daɗi kamar ya kashe ni.

To, a Dangoman nan akwai Kulu. (Kun ga inda matsalar take.) Ina neman aurenta, mahaifinta kuma, Baba Umaru, manomi ne da ba ya ba rago 'yarsa. Ranar da na je gaishe shi ya ce, "Malam, mi kash shuka ga gonar ga taka?"

Yanzu fisabilillahi, ta yaya zan dubi surukina in ce ciyawa nake nomawa, har da zuba mata taki? Na sunkuyar da kai na ce, "Wani iri ne na gwamnati, Baba. Yana ƙasa-ƙasa tukuna."

Ya ce Allah ya ba da albarka. Na hau kekena ina yaba wa kaina wayo.

Ana nan sai aka ce Bature zai zo ganin gonar. Bakina bai iya shiru ba, na bi kasuwar Kalgo ina faɗa, har labari ya kai Dangoma. Ran zuwansa na shiga gaban motarsa ina hura hanci. Tun daga nesa muka jiyo gangar noma. Na ce a raina, oho, tarbarmu ake yi.

Muna isowa sai na ga ashe ba tarba ba ce. Samarin Dangoma ne jere da hauya, gumi sharkaf, suna ƙarasa kuyya ta ƙarshe. Fili fes! Ko tsinke ba su bari ba. Ciyawata tana gefe an tara ta tsibi-tsibi, ga mata da ƙoren fura, har da Kulu a cikinsu.

Baba Umaru ya taho yana murmushi ya ce, "Malam, ji munka yi babbanka na tahe, ga gona ta cinye da haki. Nic ce ba a kunyata ɗana ina raye. Amma irin nan naka, mun duba, ko ɗaya bai tsira ba."

Bature ya dubi fili, ya dube ni, ya ce da Hausarsa ta koyo, "Malam, ina ciyawa?"

Jama'a, da ƙasa ta tsage da na shige. Ga surukina, ga Kulu, ga makaɗi ya tsaya da ganga yana jira. Na ce, "Baba, ciyawar ita ce irin."

Baba ya ce, "Ita kaz zuba ma taki?"

Na ce ita.

Makaɗin ne ya fara fashewa, sai kowa ya ɗauka. Bature ma sai da ya dafa mota. Baba kaɗai bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallona, na ce shi ke nan, Kulu ta tafi. Can ya ce, "Wanda ciyawa tay yi wa kyau haka, in an ba shi gero ba mu kwana da yunwa. Amma ƙarya kam, kada ka ƙara."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da damuna ta zagayo na kai masa gayyar surukai, wadda tun farko ni ya kamata in yi. Yana biye da ni a kuyya, duk hakin da na tsallake sai ya nuna da sanda ya ce, "Cire, Malam, wagga ba ta gwamnati ba ce."

Har yau jikokina a Dangoma jikokin Malam Ciyawa ake ce musu. Ni dai tun daga ranar, ko duwatsu aka sa ni shukawa, surukina zan fara gaya wa, tun bai kira makaɗi ba.